'Yar Filifin da ta auri baƙo: me doka ta ce in aure ya mutu?

A ƙasar Filifin, ɗaura aure ya fi warware shi sauƙi nesa ba kusa ba. Ban da Fadar Vatican, ita kaɗai ce ƙasar da ba ta da dokar saki ga akasarin jama'arta. Musulmin ƙasar ne kawai aka ware, domin dokar 1977 ta amince musu da saki da hul'i a kotunan shari'a.

Tun kafin a kai ga ɗaurin aure, iyaye na da ta cewa. Dokar Iyali ta 1987 ta ce budurwa ko saurayi daga shekara 18 zuwa 21 sai da izinin iyaye a rubuce. Daga 21 zuwa 25 kuma dole a nemi shawararsu, in suka ƙi a jinkirta takardar izinin auren har wata uku. Ango baƙo sai ya kawo shaida daga ofishin jakadancin ƙasarsu cewa babu abin da ya hana shi aure.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar rabuwa. A ce 'yar Filifin ta auri ɗan Japan ko Ba'amurke, zama ya ƙi daɗi, ya sake ta a kotun ƙasarsu ya yi sabon aure. A idon dokar Filifin ita tana nan da igiyar aurensa a kanta. Don cire mata wannan ƙaya aka sa sakin layi na biyu a Sashe na 26 na Dokar Iyali: in an yi sakin bisa ƙa'ida a waje, har baƙon ya sami damar sake aure, ita ma ta samu.

Sai dai an daɗe ana fassara sashen da cewa sai in mijin ne ya nemi sakin. A ganina wannan zalunci ne ƙarara, don macen da ta gaji da wahala ta kai ƙara da kanta ita ce ake bari a ɗaure. A watan Afrilun 2018 Kotun Ƙoli ta gyara wannan a shari'ar Manalo, ta wata mata da ta nemi saki daga mijinta ɗan Japan. Kotun ta ce ko wa ya fara kai ƙara, sakin na da tasiri.

Amma takardar saki daga waje ba ta wadatar ita kaɗai ba. Sai matar ta je kotun yanki a gida, ta gabatar da hukuncin sakin da kuma dokar ƙasar da ta halatta shi, alƙali ya amince, sannan a gyara rajistar aurenta. In ta yi gaggawar sabon aure kafin nan, ana iya tuhumarta da aure a kan aure.

Wadda ta auri ɗan ƙasarsu kuwa, sai dai ta nemi kotu ta soke auren, hanya mai tsada da cin lokaci. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin saki a watan Mayun 2024, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa har wa'adin majalisar ya ƙare a 2025.