Karɓar Sabbin Ɗalibai a Makarantun Sakandare na Kwana

Karɓar sabbin ɗalibai tsari ne da makarantar kwana ke bi a makonnin farko na shekarar karatu, domin 'yan ajin farko su saba da wurin, su san dokokinsa, hankalinsu ya kwanta. A Najeriya ana fara shekarar karatu a watan Satumba. Galibin masu shiga ajin farko na ƙaramar sakandare 'yan shekara 11 zuwa 13 ne da suka gama shekara shida a firamare, kuma da yawansu ba su taɓa kwana nesa da iyayensu ba.

A ranar isowa ana duba takardar samun gurbi, a rubuta sunan waliyyi da lambar wayarsa, sannan a buɗe akwati a ƙirga kaya: katifa, gidan sauro, bokiti, kwano da cokali, tocila, yunifom, wani lokaci har da tsintsiya da fartanya. Ana so a rubuta sunan yaro da fenti a jikin komai, musamman bokiti, don shi ya fi saurin ɓata, kuma yaron da ba shi da bokiti wanka ma sai ya yi roƙo. A nan ne ya kamata iyaye su faɗi larurar ɗansu, kamar sikila ko asma ko farfaɗiya. Wasu kan ɓoye don gudun kada a hana shi gurbi, sai ciwon ya tashi cikin dare babu wanda ya san maganinsa. Gidan sauro kuwa a ɗaura shi tun daren farko, domin ƙarshen damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne.

Daga nan sai a raba yara gidajen kwana. Abin da ya fi tasiri a kan sabon ɗalibi shi ne babban ɗalibin da ya faɗa hannunsa, wanda ake kira ubangida, ko uwar ɗaki a makarantun mata. Nagari yana nuna masa famfo da ɗakin cin abinci da masallaci, ya koya masa ma'anar kowace ƙararrawa, ya adana masa kuɗi da garin kwaki, ya tsare shi daga cin zalin siniyoyi. Idan aka bar siniyoyi su zaɓi yara da kansu, sukan yi rububin masu cikakken akwati, yaron ya koma mai wanki da ɗiban ruwa, ɗan talaka kuma ya rasa mai kula da shi. Gyaran abin shi ne malamin da ke kula da gidan kwanan ya yi rabon da kansa, ya riƙa zagawa bayan an kashe fitila, ya kuma riƙa ganawa da ƙananan ba a gaban siniyoyi ba, don yaro ba ya kai ƙarar wanda yake tsaye a kansa.

Kewar gida takan bayyana da kukan dare, ƙin cin abinci, yawan zuwa ɗakin shan magani, ko yunƙurin gudu. Gabza, wato tuwon makaranta, takan ɗauki kwanaki kafin ciki ya karɓe ta. Fitsarin kwance ma yakan dawo wa yaron da ya daɗe da dainawa, saboda tsoron fita banɗaki cikin duhu. A ba shi gadon ƙasa kusa da ƙofa, a tashe shi sau ɗaya cikin dare, a rufa masa asiri. Tona shi a gaban 'yan ɗaki na iya sa ya tsani makarantar gaba ɗaya.

A aji kuma, da Turanci ake koyarwa, yaron da ya taso daga firamaren ƙauye sai ya yi gum ko da ya gane darasi. Cin tarar mai yin Hausa a makonnin farko ƙara rufe masa baki yake yi. Makarantu da dama kan jinkirta ranar ziyara ta farko da 'yan makonni, sai yaro ya yi abokai kafin ya sake ganin mutanen gida.