Ajin Sifaniyanci a firamaren Kalifoniya: abin da Prop 58 ta ba iyaye da wanda ba ta ba su ba

Ƙanwata ce ta kira ni da daddare, muryarta duk a dame, ta ce "Yaya, makarantar su yarinya sun aiko da takarda wai za su buɗe ajin Sifaniyanci tun daga kindagatin, ajin share fage kafin aji ɗaya, wai mai so ya sa hannu. Ni fa ban gane ba, yarinyar da Hausar ma ba ta gama zama a bakinta ba, Turancin yanzu take kamawa, kuma a ƙaro mata wani yare? Kuma wai dole ne?" Na ce mata ba dole ba ne, ki kwantar da hankalinki. Amma da muka ajiye waya sai na ga ai tambayar ba tata ba ce ita kaɗai, mutanenmu da yawa a nan suna karɓar irin wannan takarda su jefa cikin durowa saboda ba su san dokar da ke bayanta ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin yake.

Farko dai a gane cewa a Amurka harkar makaranta ta jiha ce, kowace jiha da dokarta. Abin da zan faɗa na Kalifoniya ne, wanda yake Texas ko New York kar ya ɗauka haka yake a wajensu.

Dokar da ake magana ita ce wadda kowa ke kira Prop 58, ƙuduri ne mai lamba 58 da aka kai gaban masu zaɓe ranar 8 ga Nuwamba 2016, ya samu amincewar wajen kashi 73 cikin 100, ya fara aiki 1 ga Yuli 2017. Sanata Ricardo Lara ne ya kawo shi majalisar jiha, gwamna Jerry Brown ya sa hannu a 2014 don a miƙa wa jama'a su yanke. Dalilin da ya sa sai da aka je akwatin zaɓe shi ne dokar da ake son warwarewa ita ma jama'a ne suka kafa ta da ƙuri'arsu, majalisa ba ta da ikon ta soke ta ita kaɗai.

Waccan tsohuwar ita ce Prop 227 ta watan Yuni 1998, kuma in ba ka san ta ba ba za ka gane me ya sa ake murna da sabuwar ba. Wani attajiri mai suna Ron Unz ne ya ɗauki nauyin kamfen ɗinta, ta wuce da kusan kashi 61. Abin da ta ce shi ne duk yaron da ya zo makarantar gwamnati bai iya Turanci ba, a sa shi aji na musamman a koyar da shi kusan komai da Turanci, yawanci kar ya wuce shekara ɗaya, daga nan a tura shi ajin kowa da kowa. Uwa ko uban da yake son a koyar da ɗansa da yare biyu sai ya taka da ƙafarsa zuwa makaranta ya sa hannu a takardar neman a ɗaga masa ƙafa, kuma duk shekara sai ya sake zuwa, kuma ba kowa ake ba ba, sai in yaron ya riga ya iya Turanci, ko ya kai shekara 10, ko kuma in ƙarami ne sai ya yi kwana 30 a ajin Turanci tukuna sannan shugaban makaranta da malamai su yarda cewa yana da wata buƙata ta musamman. Har ma dokar ta ba iyaye damar kai malami kotu, shi kansa ba makarantar ba, in ya yi ta ƙin bin wannan tsari da gangan. Ka duba fa, matar da take shara a otal aiki biyu a rana, ba ta jin Turanci, ita ake cewa ta bar aiki ta zo ofis duk shekara ta cike fom. Sakamakon bai ɓuya ba, kafin 1998 wajen kashi 30 cikin 100 na yara masu koyon Turanci suna azuzuwan yare biyu, bayan shekara goma abin ya dawo kusan kashi 5.

Gaskiya ba zan ce duk waɗanda suka zaɓi 227 mugaye ba ne. Akwai iyaye 'yan asalin Meksiko da suka goyi bayanta don sun ga 'ya'yansu sun yi shekaru a wasu azuzuwa marasa inganci sun fito Turancin bai zauna ba, kuma a ƙasar nan wanda ba shi da Turanci aikin ƙarfi ne rabonsa. Kukansu gaskiya ne. Maganin ne dai aka yi shi da gatari, aka sare har da makarantun da suke yin abin da kyau. Arizona ta bi sahu a 2000, Massachusetts a 2002, ita Massachusetts ta janye tata a 2017.

To me Prop 58 ta canza? Ta cire waccan takardar ɗaga ƙafa gaba ɗaya, yanzu gundumar ilimi, wato hukumar da ke kula da makarantun gwamnati na yanki, tana iya buɗe ajin yare biyu ba sai ta nemi uzuri ba, kuma dole ta ji ta bakin iyaye da mutanen unguwa lokacin da take tsara shirinta da kasafinta. Amma wurin da nake so kowa ya riƙe shi ne lambobi biyu, 30 da 20. Idan iyayen yara 30 ko fiye a makaranta ɗaya, ko iyayen yara 20 ko fiye a mataki ɗaya, misali duk 'yan aji ɗaya na makarantar, suka nemi a buɗe musu shirin yare iri ɗaya, to makaranta ba ta da damar yin shiru. Ƙa'idojin da hukumar ilimi ta jiha ta fitar daga baya sun ce roƙon nan ko a rubuce ko da baki ya halatta, makaranta ta rubuta ta ajiye, in adadin ya cika a sanar da iyaye da malamai cikin kwana 10 na makaranta, sannan cikin kwana 60 gunduma ta duba kuɗi da malamai da kayan aiki ta faɗi ko zai yiwu ko ba zai yiwu ba, in ba zai yiwu ba ta rubuta dalili.

Nan ne kuma mutane suke yin kuskure, suna ɗauka da zarar an cika 30 shi kenan an buɗe aji. A'a. Dokar cewa ta yi makaranta ta samar da shirin gwargwadon iko, kuma wannan 'yar jimlar ita ce ƙofar da gunduma take fita ta ciki. In sun ce ba mu da malami, ba su karya doka ba. Kuma sau da yawa ba ƙarya suke ba, don kafin mutum ya koyar a irin wannan aji sai yana da izinin koyarwa da yare biyu a kan satifiket ɗinsa na malanta, jin Sifaniyanci kawai bai isa ba, to shekara goma sha takwas da aka yi ƙarƙashin 227 matasa sun daina neman wannan izini tunda ba aikin, jami'o'i da dama suka rage kwas ɗin, masu shi wasu suka yi ritaya wasu suka koma koyarwa da Turanci zalla. An buɗe ƙofa a 2016 amma masu shiga ajin su tsaya gaban allo sun yi ƙaranci, wannan shi ne babban ciwon dokar har yau, kuma ni abin yana damuna don jihar da yara wajen miliyan ɗaya ke cikin rukunin masu koyon Turanci, wajen kashi 80 cikin 100 nasu kuma Sifaniyanci ake yi a gidajensu, bai kamata a ce malamin Sifaniyanci ne ya zama gwal ba.

Abin da dokar ba ta taɓa ba shi ne wajibcin Turanci. Har yanzu dole kowace gunduma ta tabbatar yaro ya iya Turanci da wuri kuma da kyau, kuma dole ta tanadi ajin Turanci na musamman ga masu koyo. Wannan haƙƙin ma ya girmi dokokin biyu, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 a shari'ar Lau da Nichols, wadda aka yi kan yaran Sinawa kusan 1,800 a San Faransisko da aka zaunar a aji ba sa jin abin da ake faɗa, kotu ta ce ba wa yaro littafi da kujera da malami iri ɗaya da na kowa ba adalci ba ne in ba ya gane yaren. Don haka uwar da ta ce ni Turanci kawai nake so wa ɗana, zaɓinta ne, ba wanda zai tilasta mata.

Ajin kansa yaya yake? Ba wai darasin Sifaniyanci na minti talatin sau biyu a sati ba ne, kodayake wasu makarantun irin wannan suke yi. Wanda ake rububi shi ne wanda ake haɗa yara masu Sifaniyanci daga gida da masu Turanci a aji ɗaya, ana ƙoƙarin su zo kusan rabi da rabi, a koyar da su lissafi da kimiyya da karatu da yaren biyu. Tsari biyu ne suka fi yawa, akwai 50/50 inda ake raba rana biyu, akwai 90/10 inda a kindagatin kusan duk ranar Sifaniyanci ce Turanci ɗan kaɗan, kowace shekara ana ƙara Turancin har su daidaita wajen aji huɗu ko biyar.

Na raka ƙanwata ranar da aka buɗe wa iyaye wata makarantar da ta daɗe tana yi don su gani da idonsu. Muka tsaya a bayan aji kusa da inda yara ke rataye jakunkuna, su kuma suna zaune a kan darduma mai murabba'ai kala-kala, malamar ta ɗago tuffa ja ta ce manzana, ta kai baki kamar za ta gatsa, yara suka maimaita. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce da Turanci yana son zuwa bayi, ba ta tsawata masa ba kuma ba ta koma Turanci ba, ta maimaita masa maganarsa da Sifaniyanci a hankali tana nuna ƙofa, ya gyaɗa kai ya fita. Abin da ya fi tsaya min a rai wata 'yar yarinya ce mai kitso biyu, da gani Sifaniyancin na gida ne, ta juya tana raɗa wa na kusa da ita abin da malama take nufi. A ajin Turanci zalla ita ce za a ce tana baya, a nan ita ce ake tambaya. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don na tuna lokacin da ake rubuta sunan masu yin Hausa a aji a ci su tara.

Tsoron da iyaye suka fi yi shi ne Turancin yaro zai lalace. A shekarun farko ana iya ganin yaron 90/10 yana ɗan baya a jarabawar karatun Turanci, wannan ba abin mamaki ba ne tunda ba da shi aka fara koya masa karatu ba. Amma binciken da cibiyar RAND ta yi a makarantun Portland ta jihar Oregon, inda ƙuri'ar sa'a ake jefawa wajen ɗaukar yara ajin yare biyu don haka ana iya kwatanta wanda ya samu da wanda bai samu ba, ya nuna waɗanda suka shiga sun fi takwarorinsu a karatun Turanci da kimanin wata bakwai a aji biyar, wata tara a aji takwas, kuma ba su yi asara a lissafi da kimiyya ba. Abin dai yana son haƙuri, wanda zai cire yaro bayan shekara biyu don ya ga maki ya yi ƙasa shi ne zai tashi ba tsuntsu ba tarko. Wanda ya daure har ƙarshen sakandare kuma ya cika sharuɗɗa ana manna masa hatimin iya yare biyu a kan takardar kammalawa, Kalifoniya ce jihar farko da ta kafa wannan da doka a 2011.

Akwai wani abu da nake gani kuma ba na jin daɗinsa. Tunda abin ya zama na yayi, masu kuɗi masu Turanci sun fi kowa sanin ranar rufe fom da yadda ake shiga ƙuri'a, sai ka ga an buɗe ajin a unguwar da gidaje ke tsada, yaran da aka yi dokar dominsu kuma suna can inda babu. Dokar ba ta hana wannan ba kai tsaye, iyaye ne za su je taron gunduma su tambayi kujeru nawa aka ware wa masu koyon Turanci.

Mu kuma masu Hausa a gida, ga inda abin ya shafe mu. Ranar rajista ana ba da fom mai tambayar wane yare ake yi a gida, in kika rubuta Hausa za a yi wa yaro gwajin Turanci da ake kira ELPAC, in ya nuna yana buƙatar taimako a sa shi cikin masu koyon Turanci. Ki rubuta gaskiya, ba laifi ba ne kuma ba tabo ba ne, taimakon haƙƙinsa ne. Yaro irin wannan yana iya neman ajin Sifaniyanci kamar kowa, sai dai ki tambaya a wane ɓangare za su lissafa shi da kuma yadda za su ba shi darasin Turancinsa na kullum, sannan ki sani yawancin makarantu a kindagatin ko aji ɗaya kawai suke karɓar wanda bai iya Sifaniyanci ba, in an wuce nan shiga ta yi wuya. Dokar kuma ba ta ambaci Sifaniyanci kaɗai ba, akwai makarantun da ke yi da Sinanci da yaren Koriya da na Biyetnam, ko Hausa iyaye 30 suka nema dole a rubuta a ba su amsa.

Ƙanwata dai ta sa hannu ta mayar da takardar. Masu nema sun fi kujerun yawa, an ce za a jefa ƙuri'a, ta ce min "Yaya ki taya mu addu'a, in ta samu Hausa a gida, sauran biyun a makaranta, in ba ta samu ba zan fara tattara sunayen iyayen ajinsu, na riga na ƙirga mun kai sha huɗu."