Abin da dokar NDLEA ta tanadar wa mai shan ƙwaya

Uwa ta ɗaga katifar ɗanta ta tarar da kwalaben maganin tari mai kodin da fankon tiramol. Abin da ke fara zuwa mata a rai shi ne, in ta nemi taimakon hukuma, magani za a yi masa ko ɗaure shi za a yi? Amsar tana cikin dokar da ta kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda gwamnatin soja ta fitar a 1989 a matsayin doka mai lamba 48.

Dokar tana da zafi. Sashe na 11 ya ce wanda ya shigo da hodar iblis ko makamantanta, ko ya sarrafa, ko ya fitar waje, ko ya sayar ba da izini ba, hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai ne. Wanda kuwa aka samu da ita a hannu, ko yana sha, shekara 15 ne mafi ƙaranci, 25 mafi yawa. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron waɗannan shari'o'i. Har mai gidan da ya bari ana wannan harka a gidansa da saninsa bai tsira ba.

To ina batun magani? Yana nan, sai dai a raɓe. Dokar ta wajabta wa hukumar samun sashen ba da shawara, wanda zai riƙa wayar da kan jama'a da gyaran halin waɗanda ƙwaya ta kama, tare da Ma'aikatar Lafiya. Sashe na 20 kuma ya ba alƙali damar tura mai laifi jinya, amma ƙari ne a kan hukunci. Yaron da bai kai shekarun girma ba ne kaɗai za a iya tura shi jinya a maimakon hukuncin.

Nan ne nake ganin dokar ta gaza. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Kusan miliyan 3 abin ya riga ya zame musu cuta. Wane gidan yari ne zai ɗauki wannan jama'a? Saurayin da jikinsa ke rawa, yake haɗa gumi da asuba don bai samu ya sha ba, likita yake buƙata.

Kuma idan iyaye suka ji tsoron hukuma, gidan mari suke nufa. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara.

An yi yunƙurin yi wa dokar kwaskwarima. A 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safara, daga baya aka tsaya a ɗaurin rai-da-rai, sannan a 2025 Shugaba Tinubu ya ƙi sa hannu saboda saɓani kan kuɗaɗen da ake ƙwacewa daga masu harkar ƙwaya.

Ga uwar nan dai, ƙofar asibiti a buɗe take. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Ita ma NDLEA tana da cibiyoyin gyaran hali, da layin waya na kyauta da ake ba da shawara a asirce. Gara ta kai shi da ƙafarta kafin a kama shi da kaya a aljihu, domin daga nan maganar ta koma hannun alƙali.