Raunin birkin ganga a tsofaffin motocin kaya

Birkin ganga nau'in birki ne da ke tsayar da mota ta hanyar matsa wasu lanƙwasassun takalma biyu a jikin gangar ƙarfe mai juyawa tare da taya. Shi ne ke ƙafafun baya na yawancin tsofaffin motocin kaya da ke aiki a Kumasi, wasu ma a duk ƙafafun.

Tarihi

Ana danganta shi da Louis Renault na Faransa a 1902, ko da yake wasu na cewa kamfanin Maybach ya riga shi a wajajen 1900. Da farko sanduna da wayoyin ƙarfe ke jan takalman, har Malcolm Loughead na Amurka ya yi rajistar birki mai aiki da mai a 1917. A Gana, manyan motocin Bedford masu bodin katako sun daɗe suna jigila da shi, kuma a kansu kanikawa da yawa suka ƙware a Suame Magazine, matattarar masu gyaran mota ta Kumasi da ake kyautata zaton ta faro a shekarun 1930 kusa da ma'ajiyar makaman Turawan mulki.

Gano matsala

Gogaggen bakanike yakan fara da taka birkin kafin ya kwance taya. Idan sai an taka sau biyu ko uku yake kamawa, galibi takalman ne suka yi nesa da ganga, maganinsa kuwa a juya ƙaramin ƙarfen saiti mai haƙora har a ji takalmi ya fara shafar ganga, sannan a ɗan sassauta. Idan ya yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga bututu, sai a zuƙe ta, a fara da ƙafar da ta fi nisa da babbar silinda, wato wadda ke tura mai zuwa ƙafafu idan an taka birki. Birkin da ke nutsewa a hankali idan an taka alhali ba a ga yoyo ba, robobin babbar silindar ne suka gaji. Takalmin da man birki ko na aksil (sandar da ke riƙe da tayoyi) ya jiƙa shi sauya shi ake yi, domin wanki ba ya dawo da kamunsa, kuma a kan faifan ƙarfen da ke bayan ganga ake ganin danshin.

Zafi

A doguwar gangara irin ta dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw, ganga takan buɗe saboda zafi, kamu ya ragu. Zafin kan shafi man birki ma: nau'in man da ake kira DOT 3 in sabo ne ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Celsius, amma idan ya sha ruwa yakan sauko zuwa 140.

Birkin faifai

Birkin faifai, wanda ke matse faifai mai juyawa tare da taya maimakon ganga, ya fi birkin ganga jure zafi. Masu gyara sun sha bamban a kan ko ya dace a maye gurbin ganga da shi a tsohuwar mota.