Dokar Rajistar Malamai da Ƙarin Horo: Nauyin Malami da Nauyin Mai Ɗaukarsa Aiki

Malaman makaranta da yawa a Kaduna suna ɗaukar takardar hukumar rajistar malamai, TRCN, a matsayin abin da ake karɓa sau ɗaya, a ajiye a ƙasan akwati, sai ranar tantance ma'aikata a ciro ta. Dokar da ta kafa hukumar ta wuce haka, kuma abin da ta fi matsa wa malami a kai shi ne ya ci gaba da neman ilimi muddin yana riƙe da alli.

TRCN ita ce Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya. An kafa ta da doka mai lamba 31 ta 1993, zamanin mulkin soja, daga baya aka shigar da ita kundin dokokin tarayya na 2004. Aikinta shi ne ta fayyace ilimin da mutum zai mallaka kafin a kira shi malami, ta ajiye sunayen waɗanda suka cancanta, ta kuma ladabtar da wanda ya zubar da mutuncin sana'ar. Hurumin ta ya haɗa da makarantun gwamnati da na kuɗi, daga firamare har jami'a.

Mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa ita ce NCE. Daga nan aka kasa malamai gida huɗu: masu NCE a rukunin D, masu digirin farko a C, masu digiri na biyu a B, masu digirin digirgir a A. Wanda ya yi digiri a lissafi ko kimiyya amma bai karanci koyarwa ba, sai ya ƙara da difulomar koyarwa ta PGDE kafin a yi masa rajista. Wannan yana ba wasu haushi, su ce ai sun fi mai NCE sanin darasin. Ta yiwu haka ne. Amma wanda ya taɓa tsayawa gaban yara 'yan aji biyu yana so su gane bambancin goma da ɗaya ya san cewa sanin abu daban, iya cusa shi a kan yaro daban. Tun 2017 kuma sai an ci jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta kafin a shiga rajistar.

Abu biyu ake ba malami, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Akwai takardar shaidar rajista, akwai kuma lasisin koyarwa, wanda ake sabuntawa duk bayan shekara uku. A ƙa'idar hukumar, sabuntawar tana tafiya ne da biyan kuɗin shekara da kuma shaidar cewa malami ya halarci horo a tsakanin lokacin: taron bita, gajeren kwas, taron ƙara wa juna sani, ko ƙarin karatu a wurin da hukumar ta amince da shi. Saboda haka duk takardar halartar bita da aka miƙo maka a ranar rufe taro, adana ta. Kada ka bari yara su yi marfin littafi da ita.

Wanda ya koyar ba tare da rajista ba, dokar ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko a haɗa masa duka. Tarar ta tsufa, tun 1993 take a haka. An kuma taɓa ba marasa rajista wa'adin ƙarshen Disambar 2019 su bar aji, amma har yau suna nan, musamman a ƙananan makarantun kuɗi na cikin unguwanni. Inda rashin rajista yake cizo a zahiri shi ne wajen neman aiki da ƙarin girma.

To, an ce wa malami horo dole ne. Wa zai biya? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na haɗaɗɗen asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kuma daga ciki akwai kason horar da malamai, wanda ke isa jihohi ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Wannan ya shafi firamare da ƙaramar sakandare. Babbar sakandare tana wuyan ma'aikatar ilimi ta jiha, makarantar kuɗi kuma tana wuyan mai ita. Ke nan nauyin ya rabu biyu: malami ya halarta, wanda ya ɗauke shi aiki ya samar da abin halarta. A ganina, rabin farko ne kawai ake tunawa da shi idan magana ta taso.

Mu a Kaduna mun ga inda wannan yake kaiwa. A 2017, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, an yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Ƙungiyar malamai ta NUT ta dage cewa auna cancantar malami aikin TRCN ne, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018. A 2022 aka sake sallamar sama da 2,000 bayan wata jarrabawar. Ba zan kare malamin da bai iya karanta littafin ɗalibinsa ba, domin ɗan talaka ne ke zaune a gabansa, kuma yaron ba shi da wani wurin zuwa. Amma tambayar da ta fi damuna ita ce: shekara nawa wannan malami ya yi yana karɓar albashi ba wanda ya zauna a bayan ajinsa ya ga yadda yake koyarwa? Jarrabawa tana nuna inda giɓi yake, cike shi kuma aikin horo ne, kuma sababbin da aka ɗauka su ma za su koma gidan jiya idan aka bar su haka.

Wuraren horon kuwa suna ƙofar gidanmu. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, tana Rigachikun a kan hanyar Zariya, kuma an tsara karatunta ne don mai aiki: a ƙarshen mako da lokacin hutu, ba sai ya bar ajinsa ba. Akwai kwalejin ilimi ta jiha a Gidan Waya, akwai Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka yi da taimakon ƙasar Japan, Kaduna na cikin jihohi uku da aka fara gwada shi, tare da Neja da Filato.

Matsalar tana wajen zaɓen masu zuwa da kuma abin da ke biyo baya. Kowane malami ya san makarantar da fuskoki uku ko huɗu ne kullum ake turawa bita, saboda akwai alawus da kuɗin mota. Malamar da ke riƙe da aji ɗaya, mai yara sama da ɗari a zaune a ƙasa, ita ce ba a taɓa tunawa da ita, alhali a hannunta yaro yake koyon haɗa baƙi da wasali. Ko ta samu zuwa, an nuna mata yadda za ta kasa yara rukuni-rukuni da kwali da alƙalamin zane, ta dawo ranar Litinin ba kwali, ba wurin da za a juya a ajin. Horon da na fi yarda da shi shi ne wanda ake yi a cikin makaranta: malaman makarantu maƙwabta su haɗu, ɗaya ya koyar da darasi na gaskiya da yara na gaskiya, sauran su zauna su kalla, bayan an tashi a tattauna inda yara suka ɓace. Ba ya buƙatar otal, hedimasta mai kishi zai iya fara shi. Buƙatar horo ta ƙaru tunda dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, domin NCE ɗin da aka yi a ƙuruciya ba za ta ɗauki mutum tsawon wannan zamani ba.

Hedimasta da firinsifal malamai ne, don haka dokar TRCN ta hau kansu. Amma akawu, ma'aji, mai kula da ɗakin karatu, mai dafa abinci a makarantar kwana da maigadi ba sa cikin rajistar TRCN, horonsu yana hannun ma'aikata ko mai makaranta. Jihar da aka kwashe ɗalibai a Afaka da makarantar Bethel a 2021, da Kuriga a 2024, bai kamata ta bar maigadin makaranta ba tare da an koya masa wanda zai kira da inda zai bi da yara idan abu ya faru ba.

Malamin gwamnati da ke shirin komawa karatu ya nemi izini a rubuce daga ofishinsa kafin ya biya kuɗin makaranta, ya kuma tabbatar cewa TRCN ta amince da kwas ɗin. Wanda ya tsallake wannan yakan dawo da takarda a hannu, ya tarar ba za a lissafa masa ita wajen ƙarin girma ba.