Me Ake Nufi da Babur Sport-Touring?

A wurinmu duk ƙaton babur mai rugugi "fawa baik" ake ce masa, amma masu harkar sun kasa su gida-gida, kuma sport-touring ɗaya ne daga cikin gidajen. Kalmomin Turanci biyu aka haɗa. Ta farko tana nuni da baburan tsere, masu gudu da iya shan kwana. Ta biyu kuma baburan doguwar tafiya ne, waɗanda ake wuni a kansu da kaya da goyo. Sport-touring shi ne na tsakaninsu, ya ɗebo nan ya ɗebo can.

A zama ake gane shi. Babur ɗin tsere sai ka kifa ciki a kan tanki, nauyinka duk ya tattaru a wuyan hannu, kafin awa guda bayanka ya ƙage. Na doguwar tafiya zalla, irin Honda Gold Wing, kamar kujerar falo yake, sai dai nauyinsa ya haura kilo 350. A kan sport-touring kuwa ɗan sunkuyawa kaɗan za ka yi, gilashin gaba da robar jiki su kare maka iska, tankin babba ne, ga wurin maƙala akwatunan kaya a gefe.

Da yawa suna kai asalinsa ga BMW R100RS na Jamus, wanda ya fito a 1976 da cikakkiyar garkuwar iska da aka kafe a jikin firam. Kamfanonin Japan suka biyo baya: Kawasaki GTR1000 a 1986, sai Honda ST1100 a 1990 mai tankin lita 28. Waɗannan biyun ba su da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, don haka babu zancen shafa mai ko ɗaure sarƙa a hanya.

Ni dai a ganina babu wanda ya cika ma'anar kalmar kamar Honda VFR. Baburan VF da suka gabace shi a farkon shekarun 1980 sun yi ƙaurin suna wajen cinyewar kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji tana rufewa, abin ya taɓa mutuncin kamfanin. Da za su fito da VFR750F a 1986, sai suka sa haƙoran giya su riƙa juya kamshaf ɗin maimakon sarƙa, a injin mai silinda huɗu da aka jera kamar harafin V. Shi ya sa idan aka tayar da shi za ka ji wani siririn fito a saman rugugin, yana hawa yana sauka da totur. Masoyansa daga nesa suke gane shi da wannan kukan. Samfurin 2002 ya koma juya kamshaf da sarƙa, fiton ya ɓace, kuma har yau akwai masu neman na kafin wannan shekarar ido rufe.

Riƙon tsohon irin wannan sai mai haƙuri. Injin kan yi ƙarko sosai, ƙananan abubuwa ne ke ba da wahala. A VFR sanannen ciwon shi ne rektifaya, na'urar da ke daidaita cajin batir: tana ɗaukar zafi har ta mutu, wani lokaci ka zare soket ɗinta ka tarar robar ta narke ta yi baƙi, tana warin ƙuna. Mai hankali yakan auna batir injin na aiki, ya ga ko yana kusa da bolt 14. Idan babur ya daɗe a ajiye, tsohon fetur yakan daskare ya toshe kabureta. Robar jiki kuwa lallaɓa ta ake yi wajen kwancewa, domin ta tsufa, ƙananan kunnuwanta na karyewa da wuri, kuma sabuwarta wuyar samu gare ta.

Taya ma kada zanenta ya ruɗe ka. Duba lambobi huɗu da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2312, tayar tun mako na 23 na 2012 take, a canza ta kafin a hau titi.