Alade da taɓo: ba son ƙazanta ba ne

Tun muna yara ake ce mana alade ba ya jin daɗi sai cikin ƙazanta. Maganar haramcin namansa daban ce, ba ita nake taɓawa ba. Halin dabbar nake nufi.

Alade kusan ba ya gumi, ga kitse jibge a ƙarƙashin fata. In rana ta take a Legas, ga zafi ga laima, ba shi da mafita sai birgima cikin ruwa ko taɓo. Taɓon na bushewa a hankali yana sanyaya jiki, ya kuma kare shi daga ƙunar rana da cizon ƙwari.

Wanda ya leƙa Oke-Aro, can gaba da Agege, inda ake kiwonsu da yawa, zai ga abin da ido. In ɗaki na da fili, sai alade ya ware lungu guda yana kashi, nesa da makwancinsa. Warin da ke korar mutane na cunkoso ne da kwata marar gudu, wato sakacin mai gona. Shi ya sa masu lura ke wanke daɓen siminti kullum, musamman tun 2020 da zazzaɓin aladu na Afirka ya yi musu ɓarna a wurin.